Me ya sa nake dariya alhali ana kashe mutane a Fargo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Wani abokina ne ya tura mini shirin Fargo, na kalli kashi huɗu na zangon farko. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ana ta kashe mutane a ciki amma ni dariya ce ke kama ni, har uwargida ta tambaye ni ko lafiyata ƙalau. Sannan a farkon kowane kashi ana rubuta cewa labarin gaskiya ne. Da gaske ya faru? Kuma an ce akwai fim da ya riga shi, dole ne sai na fara kallon sa? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, ka gaya wa uwargida ta kwantar da hankalinta, lafiyarka ƙalau. Dariyar nan da gangan aka shuka ta a cikin labarin.

Bari mu fara sallamar maganar gaskiya, don ita ce mai sauƙi. Bai faru ba. Rubutun da kake gani, wanda ke cewa an sauya sunaye saboda roƙon waɗanda suka tsira, amma sauran an faɗe shi yadda ya faru don girmama mamata, gado ne daga fim ɗin 1996 wanda 'yan uwan juna Joel da Ethan Coen suka yi. Fim ɗin ya ce al'amarin ya auku a jihar Minnesota ta Amurka a 1987, alhali ƙagaggen labari ne. Noah Hawley, wanda ya mayar da shi shiri mai dogon zango ga tashar FX a 2014, ya riƙe wannan wasan, yana sauya shekarar a kowane zango. Amfaninsa shi ne, da zarar an ce maka abu ya faru, ka daina tambayar ko zai yiwu, sai ka zura ido ka karɓi duk shirmen da aka kawo maka.

To, dariyar fa? Ka koma kashi na farko ka sake duba Lester Nygaard, ɗan inshorar nan na garin Bemidji da Martin Freeman ya fito a matsayinsa. Mutum ne da kowa ya raina, matarsa ta raina shi, ƙanensa ya fi shi komai. Sam Hess, wanda ke cin zalinsa tun suna makaranta, ya tare shi a titi, ya ɗaga hannu kamar zai kai masa naushi, shi kuma garin kaucewa ya gwara fuskarsa da gilashin shago, hanci ya karye. Ko taɓa shi ba a yi ba. A wurin jiran ganin likita ya haɗu da baƙon nan Lorne Malvo, wanda ya tambaye shi cikin sanyin murya ko yana so a kashe masa mutumin, ya ce i ko a'a kawai. Lester ya yi ta inda-inda, bai ce i ba, bai kuma iya cewa a'a ba, har nas ta kira shi. Duk jinin da aka zubar bayan haka daga wannan inda-indar ya samo asali.

Ba mutuwar Sam Hess kake wa dariya ba, ba kuma ta matar Lester da ya kwaɗa wa guduma a gaban injin wankin da ya kasa gyarawa ba. Abin dariyar shi ne mai rai: yadda yake ƙarya yana zufa, yana ta ba da haƙuri, yana gaishe da 'yan sanda cikin ladabi, kowace ƙarya na haifar da wasu biyu. Mutum ne mai ƙaramar dabara da yake ganin ya fi kowa wayo. Da aka zo kan gawa kuwa, ka lura, kyamara ba ta wasa. Mutuwar shugaban 'yan sandan garin a kashin farko, wanda ya bar mata da tsohon ciki, an nuna ta da nauyinta, babu wanda zai yi murmushi a wurin. Wannan rabon ne ya bambanta Fargo da finafinan da ke mayar da kisa abin nishaɗi, kuma shi ya sa nake ɗaukar sa da muhimmanci.

Akwai kuma wani gishirin da ke iya wuce mai kallo daga nesa. Mutanen Minnesota da Dakota ta Arewa, waɗanda da yawansu jikokin 'yan Suwidin ne da Norwe da Jamus, sun yi suna a Amurka wajen ladabi mai yawa da gudun rigima. Ba sa son faɗin abin da ke ransu ɓaro-ɓaro. Ana tsaye kan gawa a cikin dusar ƙanƙara, sai ka ji ana hirar sanyi da abincin rana. Wanda ya taɓa ganin mutane biyu masu jin haushin juna suna doguwar gaisuwa, ana tambayar gida da yara da gajiya alhali kowa na ciki na ciki, zai gane wannan nan take. Malvo yana cin nasara ne don shi kaɗai ba ya jin kunyar kowa a garin da kowa ke jin nauyin kowa. Billy Bob Thornton ya fito a matsayinsa ba tare da ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi ihu ban tsoro.

Batun fim ɗin: ba dole ba ne, amma ina ba ka shawara ka kalle shi kafin ka ƙarasa zangon da kake ciki, bai kai awa biyu ba. Labarin wani dillalin motoci ne, Jerry Lundegaard, da bashi ya yi wa katutu, sai ya ɗauki hayar 'yan ta'adda biyu su sace matarsa don ya tatsi kuɗin fansa daga surukinsa mai kuɗi. Ya ce musu fansar dala 80,000 ce za a raba, shi kuma ya nemi dala miliyan ɗaya a wajen surukin. Mai binciken ita ce Marge Gunderson, shugabar 'yan sandan garin Brainerd mai ɗauke da ciki, rawar da ta ba Frances McDormand kyautar Oscar; su ma 'yan Coen sun ci ta rubutun labari. Ɗaya daga cikin ɓarayin ya binne yawancin kuɗin a dusar ƙanƙara kusa da shinge, ya kafa jan ƙarfen kankare gilashin mota a matsayin alama. Tunda ka kai kashi na huɗu, ka ga wanda ya tsinci jakar, wato Stavros Milos mai manyan kantuna. Wannan ita ce igiyar da ta fi fitowa fili tsakanin fim da shirin. Sai dai in faɗa maka, a ƙasar da garkuwa da mutane ta taɓa gidaje da yawa, ba kowa ne zai iya yi wa wannan labarin dariya ba. In akwai wanda abin ya shafa a gidanku, kada ka kunna shi a falo.

Wani abin da ya kamata ka sani tun yanzu, don kada ranka ya ɓaci: ba irin shirin da muka saba ba ne, inda ake bin jarumi ɗaya zango bayan zango. Kowane zango sabon labari ne, sababbin 'yan wasa, sabon zamani. Na farko a 2006 yake. Na biyu, wanda ya fito a 2015, ya koma 1979, lokacin da Lou Solverson, tsohon nan mai gidan abinci, mahaifin 'yar sanda Molly, yake matashin ɗan sanda. A wurina shi ne gwarzon duka biyar. Wata mai gyaran gashi, Peggy Blumquist, ta kaɗe mutum da mota, ya maƙale a gilashin gaba, ta tuƙo shi haka har gida, ta shigar da motar gareji, ta je ta ɗora girkin dare. Da mijinta mahauci ya ji motsi, sai ta ce barewa ta buge. Wanda ta kaɗe kuwa ɗan autan gidan Gerhardt ne, iyalin da ke riƙe da harkar laifuka a garin Fargo, a daidai lokacin da gungun Kansas City ke neman ƙwace musu kasuwa. Kirsten Dunst da Jesse Plemons ne ma'auratan. Za ka ga wani abu ya bayyana a sararin sama a tsakiyar harbe-harbe; kada ka nemi bayani, ba za a ba ka ba.

Na uku, na 2017, Ewan McGregor ne ya fito a matsayin wa da ƙane da suka ɓata saboda gadon wani kan sarkin wasiƙa guda ɗaya. Tafiyarsa a hankali take, kuma ƙarshensa a buɗe aka bar shi, abin da ya fusata wasu. Na huɗu, na 2020, ya tafi Kansas City ta 1950, inda gungun baƙaƙen fata ƙarƙashin Chris Rock da gungun 'yan asalin Italiya suka yi musayar 'ya'ya maza don sulhu ya ɗore. Akwai magana mai nauyi a cikinsa kan wariyar launin fata, amma mutane sun yi yawa, jawabai sun yi tsawo, dariyar ta ragu. Na biyar ya fara a ƙarshen 2023, labarinsa a 2019, kuma ya juya fim ɗin ne: an zo sace matar aure, Juno Temple, sai ta gagari masu satar. Jon Hamm ne azzalumin da ke farautarta. Dukan mata da bashi ne jigonsa, don haka ka shirya.

Ka bi su yadda suka fito, kada ka bi shekarun labarin, domin na biyu ya fi daɗi in ka riga ka san tsohon Lou, kuma akwai wani yaro a na huɗu da sai ka kalli na biyu za ka gane ko wane ne zai zama. Ka kunna rubutun ƙasan allo, don karin harshen yankin yana haɗiye rabin barkwancin. Ba kallon yara ba ne, akwai jini da wasu wuraren da ba su dace da su ba. In kuma uwargida za ta zauna da kai, ku fara tare daga kashi na ɗaya, ta ga Molly Solverson tana ta kai wa sabon shugabanta hujja yana kore ta don shi da Lester makaranta ɗaya suka yi.