Ɗana kurma ya ce ya gama da makaranta

Assalamu alaikum Anti. Ɗana shekararsa 13, sanƙarau ne ya tafi da jinsa tun yana ɗan shekara 4. Yana makarantar kurame, da can yana ƙoƙari, amma tun da aka dawo hutu jikinsa ya yi sanyi. Da safe sai ya tura jakarsa ƙarƙashin gado. Rannan na matsa masa, ya rubuta min a bayan littafi: "Wa zai ɗauki kurma aiki?" Wallahi daren nan ban runtsa ba. Babansa ya ce a bar shi ya koma shagon gyaran waya na kawunsa, tunda can hankalinsa yake. Ni kuwa karatu nake so ya yi. Maganar hannu kaɗan na iya. Yaya zan yi?

Wata uwa daga Kano

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Wannan ba lalaci ba ne, tsoro ne, kuma ba da baki ake amsa tambayarsa ba. Ki roƙi malaminsa ya haɗa shi da babban kurma da ya yi karatu yake cin gumin kansa, ya gani da idonsa. Akwai su. Kwalejin ilimi ta musamman da ke Oyo ta daɗe tana yaye malamai kurame, kuma dokar masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a 2019 ta ware wa masu buƙata ta musamman, har da kurame, kashi 5 cikin 100 na aikin gwamnati, duk da aiki da ita na tafiyar hawainiya.

Shagon nan kada ki ɗauke shi kishiyar makaranta. Ya je ranar Asabar. Ku zauna shi ya zaɓi abin da zai cim ma a mako: rubuta sunayen kayan waya goma, ko lissafin canjin kwastoma ba kuskure. Ku manna takarda a bango, duk abin da ya iya, sai ya ja masa layi da hannunsa. "Ka dage ka zama likita" ya yi wa yaro nisa.

Ke ma da naki aikin. Alamun da ake koya musu a aji sun bambanta da maganar hannun gida, asalinsu daga Amurka ne. Ki sa ya riƙa koya miki biyar kullum bayan magariba, babansa ma ya zauna. A nan za ki lallaɓa ki ji ko wani ne ya faɗa masa wannan magana, domin yaro bai cika ƙirƙiro irinta shi kaɗai ba.