Shanun laka da dokin yumɓu: in zuba jarina duka?

Wata mai sayar da tukwane a Kasuwar Dole ta Damagaram ta aiko da tambaya. Tana da jika 100, wato sefa dubu 100, a ajiye, tana so ta sa magina su yi mata irin abin da yara ke ginawa da laka, shanu, doki, raƙumi da ƴan tukwanen tuwon ƙasa, amma gasassu, ta sayar a matsayin kayan ado. Ta zuba kuɗin duka ko ta dakata?

Hajiya, kada ki zuba duka. Ki fara da jika 15 ki ga kamun ludayin kasuwar. A wannan sana'a, abin da ke cinye riba shi ne fashewa, kuma maginiyar da ta ƙware a tulu da randa ba lalle ta ƙware a ƙafar doki ba. Tulu bangonsa kaurinsa ɗaya ne ko'ina. Sa kuwa jikinsa curi ne, ƙahonsa siriri, ba su bushewa tare.

Idan kika je wajen magina a Mirriya, kusa da Damagaram, ki yi sharaɗi tun kafin a taɓa yumɓu. Duk abin da kaurinsa ya wuce yatsu biyu a rarake cikinsa, a huda ƴar ƙofa ta ƙarƙashi. In ba haka ba, danshin da ya maƙale ciki zai zama tururi a wuta, ya fasa shi, har ya ɓata na kusa da shi. A gauraya yumɓun da dakakken tsingaro, kamar kashi ɗaya cikin huɗu, don ya rage tsagewa. Ƙafafu su zama gajeru masu kauri, a karce wurin haɗi, a manna tun jiki da ƙafa suna da danshi ɗaya. Kada a sa waya a ciki wai don ƙarfi: yumɓu yana tsukewa in yana bushewa, waya ba ta tsukewa, sai ya tsage a kanta. A shanya a inuwa, mako guda ko fiye. Lokacin hunturu a rufa tsumma, iskar tana busar da bayan kafin cikin.

Ado kuwa, jar ƙasa da guga da dutse mai santsi sun isa, ko a yayyafa ruwan bagaruwa tun kayan na da zafi su yi duhu. Ki guji fentin mota. Ko an ce na ajiye kan tebur ne, hannun yaro sai ya kai gare shi, daga hannu sai baki.

Ga lissafi. A ce kin sayi guda 40, kowane dala 60, wato sefa 300: jika 12 ke nan. Kuɗin mota da kwali da ƙaiƙayin shimfiɗa jika 3. In 10 suka karye, 30 da suka rage kowane ya tsaya miki dala 100, ba 60 ba. Daga nan za ki ɗora riba. Shi ya sa ya fi miki ki biya maginiya kan abin da ya fito wuta lafiya, ko da ta ƙara farashi kaɗan, ki ba da kafin alƙalami na kashi ɗaya cikin uku.

Mai sayen naki babba ne da ke tuna ƙuruciya, ko baƙon da ke neman tsaraba, don yaro yana gina nasa a bakin tabki kyauta. Doki da mahayinsa ki tanade su gab da hawan Sallah. Wasu kuma ba su ajiye siffar mai rai a ɗaki, don haka rabin odar ya zama ƴan tukwane, rumbu, turmi da taɓarya. Ki haɗa da asusu, tunda sai an fasa shi ake ɗebe kuɗin, mai shi zai dawo sayen wani.

Masu oda daga Yamai ta WhatsApp su turo kuɗi tukuna, ki kuma faɗa musu a fili wa zai ɗauki asara in kaya ya karye a hanya, tafiyar ta kusan kilomita 900 ce. Kowane guda a naɗe shi daban, kada biyu su taɓa juna cikin kwali.