Tambayoyinku kan Fasaha: An kira ni ganawar aikin rubuta manhaja, ta ina zan fara?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Bara na gama lisans a fannin kwamfuta a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke Maradi. Wani kamfani a Yamai ya kira ni ganawar ɗaukar aiki nan da sati 3, a matsayin ƙaramin mai rubuta manhaja. A harsunan rubuta manhaja na iya Python da ɗan PHP, amma ban taɓa aiki ba sai sitaj na wata 2. Abokaina sun turo mini tambayoyi 200 ta WhatsApp, suka ce in haddace. Haka ake yi? Daga wani matashi a unguwar Ali Dan Sofo.

Amsa: Ƙanena, barka da wannan kira, Allah ya sa rabonka ne. Haddar nan ka ajiye ta gefe tukuna. Wanda zai ɗauki sabon hannu ya riga ya san ba ka da gogewa, takardarka ta faɗa masa. Abin da yake nema shi ne ya ga yadda kanka ke aiki idan an ɗora maka matsala, kuma ya tabbata abin da ka ce ka iya, da hannunka ka iya shi.

Don haka satin farko ka ba da shi ga aiki guda ɗaya naka na kanka. Ba sai ka je nesa ba. Shiga babbar kasuwa, ka dubi littafin bashin kowane mai kanti: suna, kaya, kuɗi, ranar biya, wani wurin an soke da biro, wani wurin an manta. Rubuta ƙaramar manhaja da za ta riƙe wannan littafi. Ta karɓi sunan mai bashi, ta rage idan ya kawo wani abu, ta fito da waɗanda bashinsu ya haura jaka 50. Wannan kaɗai zai tilasta maka taɓa SQL da gaske, wato harshen da ake adana bayanai da tono su a rumbun bayanai: teburin masu saye daban, teburin bashi daban, ka haɗa su da umarnin JOIN, ka tara bashin kowane mutum da umarnin SUM da GROUP BY. A nan za ka gane da kanka cewa sharaɗin da ke kan jimla, kamar na jaka 50 ɗin nan, da umarnin HAVING ake sa shi, ba da WHERE ba, kuma wannan tambaya ce da masu ganawa ke so ƙwarai. Idan da PHP ka yi, kada ka manna abin da mutum ya rubuta kai tsaye cikin umarnin SQL, yi amfani da PDO, kayan aikin PHP da ke ba ka damar raba umarnin da abin da mutum ya rubuta, don kada wani ya cusa maka nasa umarnin. Kalmar sirri kuma ka bi da ita ta password_hash, umarnin PHP da ke ɓad da kamanninta, kafin ka adana. Sannan ka ɗora aikin a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, kaɗan-kaɗan, kowace rana da abin da ka ƙara, don tarihin ya nuna kai ka gina shi.

Ina nanata wannan ne saboda abin da na gani da idona. Na taɓa zama cikin masu yi wa matasa irin wannan ganawa. Wani yaro ya buɗe mana manhaja mai kyan gani, har da launuka. Muka ce masa ya ƙara wuri ɗaya na lambar waya. Ya yi shiru yana ta gungura shafi sama da ƙasa, zufa na keto masa, bai san inda zai sa hannu ba, domin kwafo ta ya yi. Wallahi ya ba ni tausayi, don na ga alamar yana da kai. Wadda ta biyo bayansa aikinta ƙarami ne, babu ado, amma kowane layi ta san dalilinsa, har ta nuna mana wurin da ta sha wahala kwana biyu kafin ta gano kuskuren. Ita aka ɗauka.

Sati na biyu, ƙananan matsaloli a kan takarda. Akwai wata sananniya da ake kira FizzBuzz: ka jero 1 zuwa 100, lambar da ta rabu da 3 ba saura ka rubuta Fizz, wadda ta rabu da 5 ka rubuta Buzz, wadda ta rabu da duka biyu ka rubuta FizzBuzz. Tarkon yana kan 15. Idan ka fara duba 3 sannan ka bi da elif (wato "in ba haka ba, duba wannan" a Python), 15 za ta fito Fizz kawai. Sai ka fara da duka biyun. Ka kuma san dalilin da ya sa neman suna cikin jeri mai tsari yake da sauri: ka buɗe tsakiya, ka watsar da rabi, ka sake. Suna 1,000 ba za su ci maka fiye da dubawa 10 ba, miliyan ɗaya kuwa 20.

Kana warwarewa kana magana a bayyane. Ka tambaye su: idan jerin babu komai fa? Idan an sa kuɗi ƙasa da sifili fa? Abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, sannan ka faɗi yadda za ka nemo shi. Kame-kame shi ke kayar da mutum. Sati na uku ka samu aboki ya zauna gabanka ya yi ta yi maka tambaya da Faransanci, tunda galibi da shi za a yi, kalmomin manhajar kuwa ka bar su da Ingilishinsu.

Tambaya: Malam, ni ba ni da kwamfuta, salula kawai gare ni. Zan iya shiri da ita? Daga wata ɗaliba a unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Za ki iya, ƙanwata, kada wannan ya karya miki gwiwa. A wayar Android, manhajar Pydroid 3 na gudanar da Python, manhajar Termux kuma za ta ba ki damar sa Python da Git (mai riƙe tarihin canje-canjen aikinki) ki yi aiki da su kamar a kwamfuta. Idan kin samu hali, sayi allon rubutu na USB da ɗan mahaɗin OTG da zai jona shi da wayar, yatsunki za su huta. Amma kafin ranar, ki roƙi wani ya ara miki kwamfuta ko na yini biyu ne, hannunki ya saba, don a ganawar ita za a ajiye miki.

Tambaya: A Maradi nake, tawa ganawar kuma ta intanet ce. Ina tsoron kuran ya ɗauke ko rezo ya yanke ana tsakiyar magana.

Amsa: Ɗan'uwa, tsoronka a kan hanya yake. Cika batirin kwamfuta da na waya tun da dare. Sayi forfe a layi biyu na kamfani daban-daban, ka gwada kiran bidiyo a ɗakin da za ka zauna, daidai lokacin da aka sa maka, kwana ɗaya kafin ranar. Da an gaisa ka shaida musu cewa daga Maradi kake magana, idan ya yanke za ka dawo ta ɗayan layin nan take, kuma ka karɓi lambar da za ka kira su. Manhajarka kuma ta kasance a kan kwamfutarka tana aiki ko babu intanet, ka buɗe ta tun kafin su shigo.