Zoben shuɗin dutse: na gaske ne ko gilashi?

Tambaya: Anti dan Allah an sa min zoben azurfa mai shuɗin dutse a lefe, wai sunansa tofaz, amma ƙawata ta ce ai gilashi ne tunda ba shi da tsada. Gaskiya ne?

Amsa: A'a 'yar uwa, arha ba ta sa ya zama jabu. Tofaz dutse ne na gaske, ana haƙo shi a Birazil da Siri Lanka, har nan gida wajen Jos inda ake haƙar kuza. Abin da masu shago ba sa faɗa shi ne yawancinsa fari tas yake fitowa, sai a haska shi da radiyeshan (wani haske mai ƙarfi na na'ura) a gasa shi sannan ya koma shuɗi, shi yasa ya yi yawa a kasuwa kuɗinsa ya sauka, kuma kalar ba ta wankewa. Ni dai mai duhun nan London Blue ya fi min kyau a kan azurfa wallahi.

Taurinsa 8 ne cikin 10 a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, gilashi bai kai 6 ba, amma tofaz in ya bugu da ƙarfi yana tsagewa gida biyu, to ki cire zoben kafin daka ko wanke-wanke. In za a rage miki zoben ki ce wa maƙerin ya cire dutsen kafin ya sa wuta.