Na yi dillanci a Kano, yaya zan ci jarrabawar lasisin gidaje a New York?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara goma sha ɗaya na yi ina dillancin filaye da gidaje a Kano kafin zama ya kawo ni Bronx a birnin New York, inda yanzu nake tuƙin tasi. Ina so in koma sana'ata, amma an ce sai na ci jarrabawar jiha. Yaya take, kuma ina zan fi ba ƙarfi a karatu? Turancina na kasuwa ne, lissafi kuwa ba ya ba ni tsoro.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya aka faɗa maka. A Amurka kowace jiha da nata lasisin, kuma na New York bai kai na wasu jihohi tsawon karatu ba: awa 77 na karatu a makarantar da jiha ta amince da ita, alhali Kalifoniya awa 135 take nema, Teksas kuwa 180. In ka gama darussan, makarantar za ta yi maka tata jarrabawar. Daga nan sai ka buɗe rajista a shafin eAccessNY na Ma'aikatar Harkokin Jiha, ka biya dala 15, ka zaɓi rana da wuri.

Tambaya 75 ce, ta zaɓi-ɗaya, cikin minti 90. Ana neman kashi 70 cikin ɗari, wato ka dace a 53. Ba a nuna maki, ka ci ko ka faɗi kawai za ka gani a shafinka, kuma in an faɗi ana sake biya a sake zama. Ka tafi da katin shaida mai hoto wanda wa'adinsa bai ƙare ba, da ƙaramar na'urar lissafi marar ƙara, domin ba a yarda a taɓa waya ba.

To, ga inda nake so ka tsaya da kyau. Ba Turanci ne zai fi kayar da kai ba, sabo ne. Abubuwa da yawa da dillali ke yi a gida a ce masa ya iya kasuwa, a wannan jarrabawa su ne amsar da aka ajiye a matsayin tarko.

Ɗauki misalin mai gida ya ce maka, "Ni dai a kawo mini dubu ɗari huɗu, abin da ya hau naka ne." A Kano an saba da irin wannan ciniki. A New York haramun ne a doka, domin ana ganin dillalin zai ɓoye wa mai gidan ainihin darajar kayansa. Haka cin la'ada baki biyu: ba ka wakiltar mai saye da mai sayarwa a ciniki guda sai dukkansu sun sani sun sa hannu a takarda. Tun zaman farko da aka shiga maganar ciniki sosai, wajibi ne ka miƙa wa mutum takardar da ke bayyana wa kake wakilta. La'adar kanta ba ta shiga hannunka daga abokin ciniki. Babban dillali, wato mai ofishin da dole ka yi aiki a ƙarƙashinsa, shi ake biya, shi ya ba ka rabonka. Kuɗin kafin alƙalami kuwa asusun amana yake tafiya, in aka cakuɗa shi da kuɗin ofis ko na aljihu, lasisi na iya tafiya.

Sai dokar hana wariya, wadda ita ce na fi ganin mutanenmu suna tuntuɓe a kanta, kuma da kyakkyawar niyya. Dokar tarayya ta 1968 ta hana bambanci a harkar gida saboda launin fata, addini ko ƙasar asali. A 1974 aka ƙara jinsi, a 1988 aka ƙara naƙasa da masu ƙananan yara. New York ta ɗora nata a kai, har da shekaru, da matsayin aure, da kuma hanyar samun kuɗi ta halal tun 2019, wato ba ka korar mai neman haya don da takardar tallafin gwamnati zai biya. Yanzu ka ɗauka wani Alhaji ya zo maka, kai kuma don kara ka ce, "Bari in kai ka unguwar da 'yan'uwa suka fi yawa." A doka ka karkatar da shi saboda addininsa ko asalinsa ke nan. Shi yana da ikon ya ce ga unguwar da yake so, ko ga titin da yake son kusanci da shi. Kai ne ba ka da ikon zaɓa masa. Ba wasa jihar take da wannan ba: binciken da jaridar Newsday ta buga a 2019 kan dillalan Long Island ne ya jawo aka tsaurara, aka mai da awa 75 na da zuwa 77 a 2022.

Lissafin kaɗan ne, amma akwai guda ɗaya da ke yaudarar masu saurin kai. Mai gida yana so dala 475,000 su rage masa bayan an cire la'adar kashi 5. Nawa za a sayar? Mai gaggawa zai ɗora kashi 5 a kai ya sami 498,750. Kuskure ne, domin daga kuɗin sayarwa ake cire la'ada. Raba 475,000 da 0.95, ka sami 500,000. Ka kuma haddace cewa eka ɗaya ƙafa murabba'i 43,560 ce, da cewa gidan da aka gina kafin 1978 sai an ba da sanarwar fentin dalma.

Batun Turanci, kalmomin doka ne, ko haifaffen nan sai ya koye su. Ka sami ƙaramin littafi, kowace kalma ka rubuta ma'anarta da Hausa yadda ka fahimta, kana jiran fasinja kana dubawa. Ka mai da hankali ga bambancin gidajen haɗin gwiwa da suka cika birnin nan, inda mutum hannun jari yake saye a kamfanin da ya mallaki ginin, da kuma gidajen da ake kira "condo", inda ɗakin kansa ya zama mallakarsa da takarda. Ni ba na ba ɗalibi shawarar ya zaɓi rana sai yana samun kashi 80 a gwaji sau uku a jere, da agogo a gabansa, tunda kowace tambaya daƙiƙa 72 ce rabonta. A zauren kuma ka karanta tambaya har ƙarshe, don wata cewa take "duk daidai ne ban da", mai sauri sai ya zaɓi gaskiyar farko da ya gani.

In Allah ya ba ka sa'a, sakamakon shekara biyu yake aiki, kuma lasisi ba ya fita sai wani babban dillali ya ɗauke ka a ƙarƙashinsa, don haka ka fara neman sa tun kana aji. Yawancinsu ba albashi suke biya ba, sai an kammala ciniki ake ganin kuɗi, wani lokaci bayan watanni. Kada ka mayar da mukullin tasi tukuna. Lasisin ma duk shekara biyu ake sabunta shi, bayan ƙarin karatu na awa 22 da rabi.