Amsa Kan Wanke Injin Mustang a Yanayin Legas

Assalamu alaikum. Alhaji, na ga tambayar da ka yi game da Mustang GT ƙirar 2016 da ka fitar daga tashar jiragen ruwa ta Tin Can, inda ka ce ka ɗaga bonet ka tarar ƙura ta kwanta ko'ina haɗe da tabon baƙin mai, kuma yaran wurin wankin mota na unguwarku a Aja sun ce za su jiƙa injin da kananzir da omo sannan su bi shi da injin feshi. Ka tambaya ko akwai haɗari a cikin hakan. Akwai shi ƙwarai, kuma ina roƙonka kada ka ba su motar. Ana wanke injin irin wannan mota lafiya lau, amma aikin hannu ne da haƙuri, ruwan da ake bukata kuma bai kai bokiti biyu ba.

Na daɗe ina harkar motocin tokumbo, wato na hannu da ake shigowa da su daga waje, a nan Legas, kuma abin da ya koya mini wannan darasi ya faru ne da wata mota mai ƙofa biyu da na kai wurin wanki bayan na fito daga cunkoson gadar Third Mainland. Injin yana huci yaron ya ɗora masa bakin tiyo, ina tsaye ina ganin tururi yana tashi, ban hana ba domin a lokacin ban san illar ba. Da aka gama motar ta tashi kamar ba abin da ya faru, amma ban yi nisa ba ta fara rawa tana shaƙewa, fitilar gargaɗin inji ta kama tana ƙyaftawa. Da rewaya ya zare kwayil na farko, wato abin da ke ba fulogi wuta, sai ga ruwa kwance a ramin fulogi, robar da ke kan kwayil ɗin tana ɗiga, jikinta da wani farin layi siriri inda wuta ta riƙa tsallakewa. Kwayil biyu na saya a kasuwar kayan mota ta Ladipo a wannan makon, bayan kwana uku da motar ta yi a gareji.

Ruwa kansa ba abokin gaban inji ba ne. Bonet ɗin motarka yana da kafofin fitar da zafi a samansa, ruwan sama yana shiga ta nan, wani kuma yana fantsamowa daga ƙasa, masu ƙera motar sun san da haka, shi ya sa suka sanya zoben roba a bakin kowace mahaɗar waya. To amma wannan roba an yi ta ne domin yayyafi da fantsami. Ruwan famfo na gida yakan fito da ƙarfin da bai wuce 3 ko 4 ba a ma'aunin matsi da ake kira bar, injin feshin masu wanki kuwa yana haura 100, kuma da wannan ƙarfi yake tura ruwa ya wuce robar ya shiga inda ba shi da hanyar fita. A garin da iskarsa take ɗauke da laima da gishirin teku, ruwan da ya maƙale a cikin mahaɗar waya ba ya bushewa da wuri, sai ya mayar da tagullar ciki kore, kuma matsalar tana iya ɓoyewa wata guda ko fiye kafin ta bayyana, lokacin da ba wanda zai tuna da wankin. Zafi ma haka yake. Injin da ya yi tafiya yana kusa da digiri 90 zuwa 100, bakin salansa kuwa yana kai ɗaruruwa, saboda haka ruwan sanyi a kansa yana iya tsaga ƙarfe, sabulu kuma yana bushewa nan take ya bar tabo. Ka bar motar ta kwana, ka yi aikin da safe a inuwa, lokacin da za ka iya ɗora tafin hannunka a kan injin ba tare da ka janye ba.

Batun kananzir da man dizal da fetur, ka ajiye shi gaba ɗaya. Suna cire maiƙo da sauri, wannan gaskiya ne, amma suna kumbura roba suna busar da tiyo, ga haɗarin gobara idan suka taru a wani lungu. Omo da sodar wanki kuma suna da kaifi, injin 5.0 da ke cikin motarka kuwa gangar jikinsa da kawunansa duk alminiyam ne, har bonet ɗin ma. Alminiyam idan ya haɗu da sinadari mai kaifi yakan yi fari-fari kamar an barbaɗa masa toka, kuma gogewa ba ta mayar da shi yadda yake. Ka nemi ruwan wanke maiƙo da ake haɗawa da ruwa, wanda aka rubuta a jikin robarsa cewa bai cutar da alminiyam, ka sirka shi yadda aka umarta, ka fara gwada shi a wani ɓoyayyen gefe.

Kafin ɗigon ruwa ya taɓa injin, ka tsaya ka dube shi da tocila, ka ɗauki hoton duk inda ka ga tabon mai. Wannan dattin shaida ce, domin shi zai nuna maka inda mai yake tsattsafowa, ko daga murfin saman inji ne, ko daga gaba wajen fanbel. Mu da ke wannan harka mun san cewa injin tokumbo da aka wanke ƙal kafin sayarwa ya fi bukatar bincike a kan wanda aka bari da ƙurarsa, don haka zuwan taka da dattinta alheri ne. Daga nan sai ka kwashe busasshen datti da burushi mai laushi da injin zuƙar ƙura, musamman ganyayen da ke taruwa a ƙasan gilashin gaba, inda magudanar ruwan sama take. Idan wannan magudana ta toshe, ruwan watan Yuni da Yuli yakan cika wurin ya gangara cikin mota ya jiƙa kafet. Ka duba kuma ko akwai kashin ɓera ko yagaggiyar leda a lungunan injin, domin motar da ba a hawa kullum ɓeraye suna son ɗuminta, su kuwa wayoyi suke ci. Wayar da aka ɓare wa riga sai an gyara ta kafin a yi maganar wanki.

Sannan ka cire kan batir mai alamar ragi da sifana lamba 10. A Mustang batirin yana cikin ɗakin inji a ƙarƙashin murfin roba kusa da gilashin gaba, ba kamar Camaro da Challenger ba da nasu yake cikin but. Akwai abu ɗaya da mutane suke mantawa: gilashin ƙofar wannan mota ba shi da firam, yakan sauka kaɗan da kansa idan an buɗe ƙofa, ya koma idan an rufe. Idan babu wuta ba zai sauka ba, saboda haka ka sauke gilasan kaɗan tun kafin ka cire batir, ka kuma riƙe makullin a aljihunka. Bayan haka ka rufe altaneta da akwatin fis da ƙwaƙwalwar motar da bakin shigar iska da leda mai kauri, ka ɗaure da roba. Idan mai motar na baya ya sanya mata eya filta buɗaɗɗiya mai kama da mazurari, kamar yadda masu irin waɗannan motoci suke yawan yi a Amurka, gara ka kwance ta ka toshe bututun da tsumma mai tsabta da leda. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, idan ya shiga silinda da yawa yana iya lanƙwasa sandar fistin. Ka ƙirga ledojin da ka ɗaura, ka rubuta adadin, domin ka tabbatar ka cire su duka daga baya.

Wankin kansa ba shi da wuya. Ka fara da cikin bonet da gefunan fenti, amma kada ka jiƙa baƙin bargon da ke manne a ƙasan bonet, domin yana shan ruwa ya saki, gogewa da tsumma mai ɗanshi ta ishe shi. Ka raba ɗakin injin gida huɗu, ka fesa sinadarin a gida ɗaya, ka ba shi minti biyu ko uku, ka bi shi da burushin fenti, tsohon burushin haƙori kuma ya shiga tsakanin kusoshi, sannan ka ɗauraye da kwalbar feshi ta hannu ko famfon feshi irin na lambu, ka tsane da tsumma kafin ka matsa gaba. A kan murfin fulogi da kwayil ni ba na zuba ruwa ko kaɗan, a kan tsumma nake fesa sinadarin in goge. Idan ka ga farin gari ko kore a kan batir, ka dama bekin soda da ruwa kaɗan ka goge shi, ka ɗauraye, kana sanye da safar hannu. Ruwan da za ka yi amfani da shi ma abin dubawa ne, domin ruwan burtsatse na yankin Lekki da Aja sau da yawa yana da gishiri da jan ƙarfe, irin wanda yake rina bahon wanka. Ɗaurayar ƙarshe ka yi ta da ruwan da aka tace, ko da fiya wata ne. Ka shimfiɗa kwali ko faranti a ƙarƙashin motar ya tare ruwan maiƙon, kada ya bi kwata ya ƙare a lagun.

Busarwa ita ce rabin aikin, kuma a nan ne masu wanki suke gaggawa. Ka samu injin hura iska ko kwamfuresa, ka bi kowace mahaɗar waya, da kewayen kowane kwayil guda takwas, da kan kusoshi, da duk wani kwarin da ruwa zai iya kwanciya, har sai ka daina ganin ɗigo yana tsalle. Ka cire ledojin, ka goge abin da ke ƙarƙashinsu da tsumma, ka bar bonet a buɗe awa ɗaya ko biyu, a damina ma fiye da haka. Sai ka mayar da batir ka tayar da motar, ka bar ta a tsaye minti 15 domin ɗuminta ya kori sauran laima, kana sauraren sautinta. Idan silo ɗinta, wato juyin injin yayin da motar take tsaye, ya ɗan yi sama da ƙasa da farko, hakan yana faruwa bayan cire batir, zai daidaita. Idan kuwa tana rawa fitilar gargaɗi tana ƙyaftawa, ka kashe ta nan take, domin fetur da bai ƙone ba yana lalata katalis, wato matatar hayaƙi da ke jikin salansa, a zare kwayil a busar da ramukan.

Game da ƙyalli, ra'ayina shi ne a yi kaɗan. Man ƙyallin taya da yara suke feshe inji da shi yana ɗauke da silikon, yana kama ƙura kamar danƙo, idan hunturu ya shigo a watan Disamba kwana biyu ya isa ya mayar da injin ja. Idan tururinsa ya bi iska ya shiga ciki yana ɓata sensar auna iska da sensar salansa. Ka sayi man gyaran roba da ake haɗawa da ruwa, ka zuba a kan soso, ka shafa wa baƙaƙen murafai da tiyo, ka goge rarar. Fanbel da ƙafafun da yake bi kada komai ya taɓa su, domin zai riƙa zamewa yana kuka.

Irin wannan wanki sau biyu a shekara ya wadatar, ɗaya bayan hunturu, ɗaya bayan damina, a tsakani kuma tsumma mai ɗanshi duk bayan mako biyu. Sai dai idan ka ratsa ambaliya a hanyar Lekki zuwa Epe, wadda ba na ba mai mota mai ƙasa irin taka shawarar shiga, to ka ɗauraye ƙasan motar da ruwa mai daɗi washegari, ka buɗe akwatin eya filta ka taɓa ka ji ko ta jiƙe. Bayan mako guda da wankin, ka sake ɗaga bonet da tocila ka kwatanta da hotunan da ka ɗauka. Inda sabon mai ya fito a kan ƙarfe mai tsabta, nan ne za ka nuna wa bakanikenka.