Laushin garin waken soya ba a matse faranti yake ba

Ka ce garin waken soya na fito maka da tsaki-tsaki, kana tambaya ko ka ƙara matse farantin injin niƙa. Kada ka kuskura, yaro. Waken soya ba masara ba ne. Kusan kashi 20 cikin 100 na ƙwayarsa mai ne. Kana matse faranti zafi zai tashi, man ya tsatso, garin ya yi danƙo ya liƙe a haƙoran farantin. In injin guduma ne, mai dukan ƙwaya da ƙarafa maimakon faranti, ramukan rariyar za su toshe, bel ya kama kuka. Ku yaran yanzu komai sai da ƙarfi da gaggawa.

Tsinte tsakuwa da wanke inji ba sai na faɗa maka ba. Fara da bushewa. Laimar wake kada ta wuce kashi 10 zuwa 11. Ciji ƙwaya ɗaya: in ta fashe ƙas, ya yi, in haƙori ya nutse, mayar da shi shanya.

Nan masu wayo ke cutar mai inji. Akwai wanda ya kawo buhunansa, busasshen wake a baki, na ƙasa kuwa ya yayyafa masa ruwa don nauyi. Ya tsaya kai da fata sai an niƙa masa lilis a zubi ɗaya, wai sauri yake. Injin ya shaƙe, aka ɓata yini ana kankare faranti, bel ya ƙone. Ya ɗure garin da ɗuminsa ya tafi. Da ya dunƙule ya yi fumfuna, sai ga shi ya dawo yana ɗaga murya wai injin ne ya lalata masa kaya. Kuɗin niƙa bai biya ba, na bel ma shiru, ya kuma bi gari yana ɓata sunan wurin. Saboda haka ka zura hannu har gindin buhu kafin ka karɓi aiki.

In ya bushe, gasa shi sama-sama. Zafin ne ke kashe gafin ɗanyen wake da sinadarin da ke hana ciki narkar da furotin. In ya yi duhu yana ƙauri, ka ƙona amfanin. Bari ya huce sarai, ka ɓarza shi da faranti a sake, ka sheƙe ɓawon. Ɓawon nan kusan kashi 8 ne na nauyin wake, kuma shi ne yawancin tsakin da kake kuka da shi, don ba ya niƙuwa da daɗi.

Sannan ka niƙa sau biyu, kana zuba kaɗan-kaɗan, kana barin garin ya sha iska tsakani. Tankaɗe, abin da ya rage a rariya ka mayar. A masana'antu ba a kiransa gari sai kashi 97 ya wuce rariya mai lamba 100, wato ramin da bai wuce milimita 0.15 ba.

Ka kuma tambayi mai kaya abin da zai yi da shi. Mai laushi ya fi shan ruwa, ya fi haɗuwa da fulawa, madararsa ta fi kauri, amma ya fi saurin kama warin tsohon mai, don iska na ratsa shi ko'ina. Na abincin dabbobi ɓarzajje ya isa. Mai laushin kuma ka baza shi ya yi sanyi kafin ka ɗaure bakin buhu.